Baƙon da Alhaji Sumaila Ya Tsaya Wa

Ina cikin trotro, ƙaramar motar haya ta Akra, daga unguwar Malam zan koma unguwarmu Nima, mun maƙale a cunkoson motoci, sai wayar ƙanwata Rabi ta shigo. Ba ta yi sallama ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, Baba ya cika." Na yi salati, ban san da ƙarfi na yi ba sai da na ji motar ta yi tsit. Wata mata mai kwandon kifi a gefena, wadda ko Hausa ba ta ji, ta dafa kafaɗata har muka iso. Haka labarin rasuwar mahaifina, Alhaji Sumaila, ya same ni ranar wata Talata bayan azahar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ke yawo a unguwa tun yana raye, mutuwarsa kuma ba ta kashe ta ba. Ana cewa Alhaji ya san abin da ke cikin jar ƙasar nan, toshe masa baki aka yi. Masu faɗa ba sa faɗa a gabana, amma bangon gidajen Nima ba shi da kauri. Baba bai bar mana fili ko mota ba. Sunansa ya bari, kuma sunan nan ake ci gaba da takawa.

Gidanmu gidan saukar baƙi ne tun zamanin kakana. Fatake masu albasa da masu shanu in sun zo Akra daga arewa, a nan suke sauka. Maigida ya ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa masu saye, sannan ya tsaya masa. In baƙo ya yi cuta ya gudu, ba wanda zai bi shi daji, maigida ake kamawa. Baba ya gaji wannan aiki, kuma ko bayan fatake sun ragu, halin bai bar shi ba. Yakan ce, "Baƙo ba shi da fuska a gari, ta maigidansa yake aro." Na tuna wani mai albasa da ya jera ruɓaɓɓu a ƙasan buhu ya tafi abinsa. Baba bai zage shi ba. Ya nemo mai kyau, ya ɗora wa mai kura, ya bi shi a ƙafa har rumfar matar da aka cuta ya ba ta haƙuri, kai ka ce shi ya shuka albasar.

Daga gidanmu zuwa masallaci ba nisa, amma Baba in ya fita sai an manta da shi. Kowace ƙofa sai ya tsaya ya tambayi masu gida da masu haya da jaririn da aka haifa jiya. Mahaifiyarmu, Hajiya Lantana, takan ce da gaisuwa ana sayar da ita da tuni mun gina bene. Ni kuwa, da yake koyarwa nake yi a makarantar boko, Malam Turanci yake ce mini, musamman in na faɗi abin da bai gamshe shi ba.

Bayan babbar kwatar da ta ratsa tsakaninmu da unguwar Maamobi akwai wani fili da aka daɗe ana fasa tsofaffin batiran mota a ciki ana cire dalma. Ruwan batir ya sha ƙasar wurin har ko ciyawa ba ta fitowa. Daga baya gwamnati ta kori masu fasawa, ta ba wani kamfani kwangila: ya auna ƙasar, ya haƙe wadda ta sha guba, ya kai ta wurin da aka tanada don irin wannan nesa da mutane. Sai dai mutanen unguwa suka hana ma'aikatan shiga. Mun sha ganin masu awo, kuma bayan awo rusau ke biyowa. Da mai kamfanin ya ga aikinsa ya tsaya, sai aka nuna masa ƙofar gidanmu.

Injiniya muke ce masa. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gai da Baba da 'yar Hausarsa ta kasuwa. Aka kawo tuwo da miyar ayoyo, ya ci ya nemi ƙari. Kafin ya tashi ya koma kiransa Baba kamar mu. Da ya fita, Baba ya ce daga yau baƙonsa ne.

Na ce, "Baba, wannan ba mai albasa ba ne. Ba shi da kaya a ɗakinmu da za ka riƙe in ya saɓa."

Ya yi dariya ya ce, "Malam Turanci, wanda ya sa hannu a ƙwaryarka ba a tambayarsa takarda."

Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe a masallaci ya ce wa jama'a su bar mutanen nan su yi aikinsu, duk abin da ya biyo baya a zo wurinsa. Shi ke nan. Washegari ma'aikata suka shiga da fararen riguna da takunkumi da manyan takalma, suna ɗibar ƙasa a kwalabe. Daga baya motar haƙa ta zo.

Damina na gabatowa a lokacin. Duk wanda ya zauna kusa da kwatar nan ya san yadda ruwa ke shigo mana tsakar gida har ya ɗauki buta da takalmi, don haka kowa na neman ƙasar cikawa ya ɗaga gidansa, kuma tipa guda ba ƙaramin abu ba ce ga talaka. Injiniya ya lura da wannan. Ya zo ya ce wa Baba, a gabana, mai gubar ta sama ce kuma an riga an kwashe ta. Jar da ta rage ta can ƙasa ce, an auna ta, lafiyarta ƙalau. Ya ce maimakon a zubar, gara ya yi sadaka da ita, Baba ya raba wa wanda ya ga dama.

Baba ya raba kamar yadda yake raba naman layya. Ya fara da matan da mazansu suka rasu, irin su Mma Adisa mai koko da ke riƙon jikokinta. Sannan farfajiyar makarantar allo, inda yara ke zama a ƙasa. Sannan sauran gidajen bakin kwata. Gidanmu ya sa a ƙarshe, kuma kafin a zo kanmu ƙasa ta ƙare. Hajiya ta yi mita a ranar, domin mu ma ruwa na cinmu. Ya ce mata mai rabo ba ya fara da bakinsa. Wannan shi ne abin da ake riƙe da shi a yau: ana cewa in bai sani ba, me ya sa gidansa kaɗai bai samu ba? Ku da kuke faɗa, kun san shi. Yaushe kuka taɓa ganin ya fara da kansa?

Ruwa bai shiga gidajen ba a daminar nan, aka yi ta sa wa Baba albarka. Manya suka zo daga ofis, aka kafa allo a filin cewa an tsabtace shi, aka ɗauki hotuna, Injiniya ya kwashe kayansa. Sai bayan watanni yara suka fara ciwon ciki da kasala. Safura, jikar Mma Adisa, yarinyar da ke haddace sura kafin malam ya rufe baki, ta koma ana biya mata tana kallon mutum kawai. Da abin ya yi yawa, ma'aikatan lafiya suka zo suka ɗibi jinin yara, daga nan suka ɗibi ƙasar tsakar gidaje. Dalma ce. Wani direban tipa ya faɗa mana daga baya cewa babu wata ta sama da ta ƙasa, tuli ɗaya ne. Kai ta inda aka ce aiki ne mai nisa da wahala, mu kuwa ga mu a kusa, muna ma godiya. Allon bai yi ƙarya ba, filin ya tsabtu. Gidajenmu aka mayar juji.

Mma Adisa ta zo har tsakar gidanmu, ta tsaya ba ta zauna ba. Ta ce, "Alhaji, ni ban san Injiniya ba koraa, ko kaɗan. Kai na sani. Kai ka ce ƙasan ya na da kyau, shi ya sa na karɓa. Yanzu duba yarinya na." Baba yana zaune a kan buzu. Ya ce, "Gaskiyarki, Adisa. Ni za ki kama."

Ya nemi baƙonsa. Waya a kashe. Ofishin kamfanin ya zama shagon sayar da labule. Na raka shi ofishin gwamnati, aka yi ta yi mana je ka ka dawo, dattijo mai furfura yana zaune a benci da sandarsa. A ƙarshe wani matashi ya bayyana mana, cikin ladabi, cewa kwangilar ta fili ce, kuma an kammala ta. Abin da ke cikin gidaje ba ya cikin iyakar aikin. Baba ya gode masa, domin shi ko korarsa aka yi sai ya yi godiya.

Daga nan ya sayi shebur da buhuna. Mutumin da gwiwa ke hana shi doguwar tsayuwa a salla ya shiga gida gida yana kankare ƙasar da ya raba. Mu 'ya'yansa muka bi shi, wasu samari suka taya, wasu gidajen kuma suka rufe masa ƙofa. Ma'aikatan lafiya sun ce masa wannan ba aikin hannu ba ne, ƙurar kanta cuta ce. Ya ɗaura ƙyalle a hanci ya ci gaba. Da aka rasa inda za a kai buhunan, domin ya rantse ba za a zuba a kwata ta tafi wa wasu ba, sai ya sa aka jera su a ɗakin da fatake ke ajiye kaya, ya kulle. Ya ce, "Baƙona ya kawo. Kayan baƙo a gidan maigidansa suke zama." Suna nan har yau, kuma abin da muka kwashe bai kai rabin abin da aka zuba ba.

Bayan wannan Baba ya daina zama a sahun gaba. In an zo neman ya shiga maganar aure ko sulhu, sai ya ce a nemi wanda maganarsa ke da nauyi. Hanyar masallaci ta gajarce masa, domin ba kowace ƙofa ke amsa gaisuwarsa ba. Likita ya ce ƙoda ce da hawan jini. Ban musa wa likita ba, amma ni na ga lokacin da mahaifina ya fara mutuwa, kuma a kan buzun nan ne.

Ranar addu'a, muna zaune ƙarƙashin rumfa ana karɓar gaisuwa, sai ga Injiniya ya sauko daga mota, ya yi ƙiba. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ajiye ƙullin goro a gabana. Ya yi ta'aziyya har da share ido. Sannan ya rage murya ya ce gwamnati ta ba da sabuwar kwangila ta binciken gubar da ke cikin gidaje, kuma kamfaninsa ya samu, sai dai ya sake suna. Ya ce abin da ya faru kuskuren yaransa ne. Ya ce, "Ba wanda zai buɗe mana ƙofa in ba mu da mutum a unguwa. Baba ya tafi, yanzu kai ne maigidana."

Na san in na ƙi, ƙasar na iya zama a makarantar nan har Allah ya yi ikonsa. Na kuma san hannun da ke miƙo mini goron. A wurinmu in ka karɓi goron mai neman alfarma, ka amsa ke nan. Ban kai ga buɗe baki ba sai muryar Hajiya ta fito daga bayan labule, inda take zaman takaba. Ta kira sunana ta ce, "Abdurrahman, a ba shi ruwa ya sha, baƙo ne. A mayar masa da goronsa."

Na mayar. Tun zamanin kakana ba a taɓa yin haka a gidan nan ba. Ya sha ruwan kuwa, ya sa takalminsa ya tafi. Mun aika wa ofis cewa su turo wani, duk wanda ya zo za mu nuna masa gidajen da ɗakin buhuna, amma ba mai sake tsaya wa kowa. Har yanzu shiru. Yaran makaranta an shimfiɗa musu leda da tabarmi, a kai suke karatu.

Allah ya jiƙan Alhaji Sumaila, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa wahalar da ya sha a ƙarshe ta zama kaffara gare shi. Allah ya ba Hajiya da Rabi da sauran ƙannena haƙurin rashinsa. Allah ya ba Safura da 'yan uwanta lafiya, ya mayar musu da abin da aka ɗauke musu, ya sanyaya zuciyar Mma Adisa, wadda duk da abin da ya faru ita ta dama kokon da aka raba ranar jana'iza. Rabi ta ce kafin Baba ya cika ya ce a shaida ya yafe wa Injiniya haƙƙinsa, na yara kuwa ba nasa ba ne balle ya yafe. Ni ko nawa haƙƙin ban yafe ba. Allah ya bi mana.