Ƙullin Guga a Kan Ƙanƙarar Jidda

Asuba ta yi mana a hanyar Makka zuwa Jidda, ni da Inna, bayan mun gama umra. Titi shimfiɗe, baƙaƙen duwatsu dama da hagu. A jakar Inna akwai hoton da ya ɗauki idona tun ina firamare: samari Turawa da hulunan kwano, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasa, a tsakiyarsu baƙar fata ɗaya yana murmushi. Ƙanin Inna ne. Ya tafi karatu Kanada, ya shiga gasar kwalejoji ta wasan hoki a kan ƙanƙara, daga nan wasiƙa ta ɗauke. Ni da littattafan soyayya suka rena, tuni na yanke hukunci: wata Baturiya mai idon mage ce ta riƙe shi.

Wata mai sayar da yadi a kasuwar Bab Makka ta Jidda ce ta aiko mana cewa akwai dattijo a unguwar Hindawiyya da ake kira Mai Ƙanƙara. Raina bai kwanta ba. Garin da rana ke narka kwalta, ina shi ina ƙanƙara?

A Hindawiyya muka karya da burodin tamis da dafaffen wake, riyal biyar ya ƙosar da mu. Sai ga dattijon yana ɗingishi, haƙoran gaba biyu babu, Hausarsa ta sha Larabci. Ko kusa bai yi kama da hoton ba. Ya dubi Inna ya ce, "Yaya," ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, wannan kowa ma ya iya. Inna ta shekara talatin tana jira, ba zan bari a yi mata wasa da hankali ba.

"Baba, ba ni labarin gasar," na ce. Na ƙi ce masa Kawu.

Ya ce 'yan kwalejoji kaɗan ne suka fara ta a kan daskararren tafki, tun kafin a gina zauren wasa. Mai tsaron ragarsu ya zama likitan dabbobi, kyaftin ɗinsu ya koma noman alkama. Haƙoransa kuwa suna can, sandar wani ta karɓe su.

"Baturiyar fa?"

"Wace Baturiya? Jarrabawa na faɗi, ya binti. Kunya ta hana ni gida. Na zo umra, halas, na zauna."

Labarin ya yi mini santsi da yawa, kamar wanda aka haddace.

"Yalla, kafili ba ya jira," ya ce, yana nufin ubangidansa. Muka bi shi a tasi zuwa wani katafaren kanti mai filin ƙanƙara a ciki, inda yake wasa kaifin takalman masu sulu. Ya zauna zai ɗaure nasa. Ya zagaya igiyar sau biyu, ya cusa bakinta ta ƙasa, ya sunkuya ya ja da haƙorin gefe.

Inna ta damƙe hannuna.

"Ƙullin Baba ne. Na igiyar guga."

Kakana haƙar rijiya ce sana'arsa, kuma 'ya'yansa kaɗai ya koya wa ƙullin.

"Tanko," ta ce.

"Na'am, Yaya."

Ya hau ƙanƙara, ɗingishin ya ɓace. Ya zagaya filin kamar shaho, hawaye na bin gemunsa.

Mun sauka Kano mu biyu, don ya ce sai ya gyara iƙamarsa, takardar izinin zama. Na tafi da tambayoyi fal bakina, Inna ba ta yi ko ɗaya ba, hannunsa kawai ta kalla. Saurayin cikin hoto bai zama gwarzon da na ƙaga ba. Dattijo ne mai giɓi, yana ɗaure wa yaran Jidda takalmi da ƙullin rijiyar garinmu. Jiya ya kira, ni na ɗauka.

"Kawu," na ce, "ina wuni?"