Ranar da Ban Yi Tambaya Ba

"Ajiye littafin nan, zo ki taya ni tsintar wake," in ji Mama Ladi, ina shiga gidan da take zaune a unguwar Muciya.

Ni ɗalibar aikin kula da jama'a ce a Samaru, an turo ni in riƙa zama da ita. 'Yan bindiga suka kashe mijinta a ƙauye, ta dawo wajen ƙanwarta. Sati uku ina tambayarta abin da ke ranta, yadda aka koya mana. Kullum amsar ɗaya ce: "Mun gode Allah, 'yata."

Yau muna cikin tsinta sai kawai ta fara ba ni labari. Yadda suka shigo, inda ta ɓuya, da takalmin mijinta da ta gani a bakin rijiya. Idonta na kan faifai. Ni kuwa na ci gaba da tsintar wake.

Da zan tafi ta riƙe hannuna. "Yau kin iya aikinki."

"Mama, ai ban ce komai ba."

"Shi ya sa."

Har na iso Samaru kaina a ɗaure yake. Gobe malamarmu za ta tambaye ni wace dabara na bi. Jama'a, don Allah me zan ce mata?