Dafa Min

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Kawo ya san Harira mai abinci. Shekara ashirin da biyu tana tuƙa tuwo a rumfa ɗaya, ga baki kamar reza, direba bai isa ya ce gishiri ya zarce a miyarta ba. Da sassafe take barin gida a Abakwa, sai bayan la'asar ta dawo da abin da ya rage ta dire wa mijinta, Malam Maliki. Yau sandararriyar shinkafa, gobe ƙanzo da romo. Bawan Allah bai taɓa cewa uffan ba.

Da ya yi ritaya daga aikin gwamnati sai ya koma shiru-shiru. Ya daina kunna rediyo, ya daina leƙa majalisar ƙofar masallaci, ya rame har wuyansa ya fito. 'Yarsu Rashida, mai aikin jinya a Zariya, ta matsa sai an kai shi asibiti. Harira ta raka shi tana mitar an raba ta da rumfa.

Likita ya gama tambayoyinsa, ya dube ta ya ce, "Hajiya, damuwa ce. Wataƙila har da matsalar dofamin. A kula da abin da yake ci."

Ita kuwa "dafa min" ta ji. Innalillahi! Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Wato ƙararta Malam ya kawo? Sauran bayanin ko kalma ɗaya bai shiga kunnenta ba.

Suna shiga gida ta yar da mayafi. "Malam, ka rasa inda za ka tona min asiri sai gaban likita, yaro sa'an ɗan cikina? Ka ce ba na dafa maka!"

"Ni? Yaushe?" in ji Malam.

Ta kira Rashida, ta buɗe muryar wayar don ya ji a yanke hukunci. Rashida ta yi dariya har da tari. "Umma, dofamin ya ce! Wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa, yana da hannu a kuzari da marmarin abubuwa. Ana ganin ƙwai da wake da kifi da ayaba suna iya taimakawa, tare da maganin da aka rubuta. Ba wanda ya ce ba kya girki."

Ba wanda ya ce! Nan Harira ta farga. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ita ta kai ƙarar kanta. Wake da kifi da ƙwan nan kullum suna rumfarta, da zafinsu take zuba wa direbobi, kafin azahar sun ƙare. Kunya ta hana ta ɗaga kai.

Malam ya ce a hankali, "Bar shi, Harira. Ko ya zo da sanyi ai hannunki ne." Wallahi da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Washegari ba ta fita ba. Ta nemi ƙaramar tukunya, sai ƙarƙashin gado ta samo ta, zanzaro har ya yi gida a ciki. Ta wanke, ta ɗora faten wake da busasshen kifi. Ita da ta san wanda ke son tantaƙwashi da wanda ba ya cin kuɓewa a duk tashar, sai ga ta tana leƙa ɗaki tana tambaya.

"Malam, yajin zan ƙara maka?"

Ya amsa kamar shi ne mai laifin. "Ai ba na cin yaji, Harira. Tun gyambon cikin da na yi shekarar da aka yaye Rashida."

Ta dubi tukunyar. Ta riga ta zuba cokali biyu, irin na direbobi. Ta sauke ta gefe, ta share ido da bakin zani, ta sake ɗebo wake.