Marfin Hancin Motar Ɗangoggo

Labaran ya zo Abuja daga wani ƙauye kusa da Malumfashi da leda ɗaya a hannu. Ya yi dako a kasuwar Utako, ya tura kurar ruwa, sannan ya koyi bugun bodin mota. Shekararsa goma sha tara a rumfa ɗaya a bakin titin Jikwoyi. Ba mai surutu ba ne. In ka kawo mota a lotse, sai ya shafa wurin da tafin hannu ya ce ka dawo Laraba. Ranar Laraba kuwa za ka same ta.

A tsallaken titi akwai rumfar Philip, bakanike, ɗan Gbagyin Orozo. Da can lafiya lau suke, har aron guduma suna yi. Abin ya ɓaci ne bayan fetur ya yi tsada, lokacin da direbobi suka fara kashe mota a gangara don tsimin mai.

Philip ya fito da wata dabara. Ragar nan ta hancin mota, inda iska ke shiga ta sanyaya lagireto, ita ya yi wa marfi. Yakan yanka alminiyan siri-siri ya jera kamar gilasan taga. Ya ce in mota na gudu a babban titi, iskar da ke cusawa ciki tana riƙe ta, in an rufe sai ta zame ta bi ta sama, inji ya rage shan mai. Direbobin haya suka gwada, suka ce akwai sauƙi. Kafin wata biyu, motoci sun yi layi har bakin kwata.

Labaran yana zaune a kan tsohuwar taya yana kallo. Ko shayin safe ya daina yi masa daɗi. Bakanike ne fa, me ya kai shi yankan kwano? Shi Labaran ne ya nuna masa yadda ake riƙe almakashin ma. Yanzu masu kawo masa gyara, in sun tsallaka don marfi, can suke barin har lotsewar ƙofa.

"Oga Labaran, ka zo ka gani mana!" Philip ya taɓa ƙwala masa kira.

"Ina gani daga nan," in ji shi. Bai ko ɗaga kai ba.

Daga nan ɗin kuwa yake gani. Motoci na fitowa da hanci a rufe ruf, shi ke nan abin da idonsa ya kama.

Mutum ɗaya ya rage masa cikin tsofaffin direbobinsa: Ɗangoggo, mai jigilar ma'aikata daga Nyanya zuwa Utako. Wata Litinin ya tsaya, bai kashe mota ba.

"Maigida, kada ka ji haushi. Zan leƙa wajen mutumin nan. Man nan zai kashe ni."

"Kashe motar."

"Ai ba wai na bar ka ba ne..."

"Na ce kashe ta. Abin da yake yi a kwana biyu, zo ka ɗauka bayan la'asar."

Ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya auna, ya yanka, ya goge bakin kowane falle, ya ɗaure su gam, ko allura ba ta shiga tsakani. Ya fesa baƙin fenti. Sai ka ce da shi aka ƙera motar. Ɗangoggo ya zagaya ta sau biyu yana cewa, "Tsohon hannu daban ne." Labaran ya so a ce Philip ya ji.

Washegari da safe, a cunkoson hawan Kugbo, motar ta fara tururi da fasinja biyar a ciki. Kafin Ɗangoggo ya samu gefen titi, gaskit ɗin injin ya ƙone. Da rana wata motar ta jawo ta da igiya zuwa Jikwoyi. Labaran ya miƙe tsaye. Sai ya ga sun karya kan mota zuwa tsallake.

Ranar ya ƙetara titin.

Ɗangoggo bai gaishe shi ba. "Maigida, murhu ka haɗa mini? Wata mata har da jakarta ta buge ni."

Philip ya yafito Labaran. Ya buɗe ƙofar wata motar da ya gama, ya nuna wata waya a ƙarƙashin sitiyari, irin ta birkin keke. Ya ja. Fallayen hancin suka buɗe gaba ɗaya. Ya tura, suka rufe.

"Go-slow, ka buɗe. Express, ka rufe. Inji ma yana numfashi, Oga." Ya tsuguna gaban motar Ɗangoggo, ya shafa aikin Labaran. "Amma wannan yanka, wallahi ya fi nawa."

A wajen Labaran, wannan maganar ta fi ashar ciwo. Wata uku wayar nan tana nan, taku ashirin daga rumfarsa.

Bai ba da haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Ya koma ya ɗauko kayan aikinsa, ya ɓalle marfin da hannunsa. Kwana biyu yana rumfar Philip yana miƙa masa sifana har injin ya tashi. Sannan ya sake yin wani marfin, mai waya, ya ɗaura.

Ɗangoggo ya karɓa, ya ce an gode. Amma bai ƙara kawo masa mota ba. In zai wuce sai dai ya danna hon, ya faka a tsallake.

Yanzu Labaran yana yin marfin, wasu ma suna cewa nasa ya fi ƙarko. Har yau layin Philip ya fi tsawo, har yau kuma Labaran bai daina kallonsa ba. Marfin farkon yana rataye a ginshiƙin rumfarsa. In baƙo ya tambaya mene ne, sai ya ce, "Duba yankan." Ba ya ƙara komai.