Jumare da Iskar Yanbu

Gardamar da ta fi yi wa Jumare ciwo a kan tukunya aka yi ta. Matarsa Hajo ta dawo daga barka a nan unguwar Harra ta Yamma a Madina, ta tarar da babbar tukunyarta ta miyar kuka tana tafasa a kan wuta, gida kuwa warin fetur har bakin ƙofa. Ta ɗaga murfi, sai ga kafiretar mota kwance cikin ruwan lemon tsami kamar kan rago.

"Malam, baƙi muka yi? Wa za a zuba wa wannan?"

"Datti nake cire mata. Tukunya ai wankewa za a yi."

Ya shiga yi mata bayanin 'yan hanyoyin mai da suka toshe, har da zane a iska da yatsa. Hajo ta saurara har ya gama. Washegari ta kaɗa miya a cikin tukunyar, ta zuba masa shi kaɗai, ita ta zauna gefe da burodinta. Kwana uku bawan Allah yana gyatsar fetur, in ya shiga sahu na kusa da shi su matsa, ita kuma tana bin maƙwabta tana roƙon kada kowa ya kyasta ashana kusa da mijinta. Rana ta huɗu ya sayo sabuwar tukunya, tsohuwar ta koma warsha, wato garejin da yake aiki. Tun daga nan Jumare ya ɗauka cewa ko da gaskiyarsa, yin shiru ya fi sauƙi. Da ma bai koyi wannan karatu ba.

Mutumin Damagaram ne. Ya zo Madina da ƙuruciyarsa, wani Balarabe mai warsha ya tsaya masa a matsayin kafili, ya yi masa iƙama, takardar da in babu ita baƙo ba ya kwana a ƙasar nan da kwanciyar rai. Shekara talatin da takwas yana sunkuye a kan inji har bayansa ya lanƙwashe. Kyau dai ba a ba shi ba, kunnuwan nan kamar an manta an bar ƙofofin mota a buɗe, amma fa kunnuwa ne masu aiki. Mota tana shigowa zai ce wannan ta ƙoshi da mai, waccan yunwa take ji.

Aikin kafireta shi ne gauraya iska da fetur kafin inji ya haɗiye. A cikinta akwai 'yan ƙusoshin tagulla masu huda, jet ake ce musu, kowace da lambarta. Babbar lamba mai da yawa, ƙarama mai kaɗan. In mai ya yi yawa mota ta yi nauyi tana hayaƙi. In ya yi kaɗan sai ta yi gudu kamar an kore ta, daga nan zafi ya narka mata ciki. Jumare ba ya yarda da maganar direba. Sai ya kwance fulogi ya duba bakinsa: baƙi, mai ya yi yawa, fari fat, ana gab da kuka, ruwan gahawa mara duhu, to an dace.

Allah bai ba su haihuwa ba. Hajo ta rasu shekara shida ke nan, tana Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin Masallacin Annabi. Ba a rubuta suna a kabari a can, shi ma bai san takamaimai inda take ba, amma ya san ƙasar. Buri ɗaya ya rage masa: a ci gaba da sabunta masa iƙama har ranar da za a kai shi wannan ƙasar. Damagaram kuwa, duk wanda zai gane fuskarsa a can ya riga shi tafiya.

Sai tsohon kafilin ya mutu, ɗansa Walid ya gaji warsha. Motocin yanzu ba su da kafireta, kwamfuta ce ke auna musu mai, kanikawan da Walid ya ɗauko kuma da waya da allo suke gyara. Aiki ɗaya ya saura da ke buƙatar Jumare: wata tsohuwar motar Amurka da Walid ke shiga tseren mita ɗari huɗu da ita, tseren nan da ake tashi daga tsaye a miƙe, kafin mutum ya gama salati an gama. Kafiretarta mai baki huɗu ce, Jumare kaɗai take ji wa magana.

Walid yana da aboki, Saif, wanda ba a taɓa ganinsa babu kwamfuta a hammata ba, har ana zaton da ita aka haife shi. Kullum yana zuga Walid ya cire wannan tsohon ƙarfe. Da aka sa ranar wani tsere a wajen Yanbu cikin sanyin hunturu, Walid ya faɗa a fili: "Ya ammi, baffana, in ta ba ni kunya a can, halas, an gama. Kwamfuta za mu sa." Bai ambaci iƙama ba, amma saura wata biyu ta ƙare, kowa a warsha ya sani.

Jumare ya dafa kafireta a tukunyar Hajo, ya busa kowace huda, ya ɗaura jet lamba tamanin da huɗu. Ya san abin da yake yi. Madina a kan tudu take, iskarta ba kauri, balle da rana tsaka. Yanbu a bakin teku take, iskar safiyarta mai nauyi, injin da ya shaƙe ta dole a ƙara masa mai. Don Yanbu ya yi gyaran.

Amma a Madina aka gwada, bayan azahar. Mota ta tashi da nauyi tana baƙin hayaƙi kamar mai gasa kifi. Saif ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ya Hajji, tsere za mu je ko turaren wuta za mu kai wa amarya?"

"Iskar can daban ce," in ji Jumare.

"Iska ai iska ce! Ko a Yanbu sayenta ake yi?"

Walid ya ce a sa ƙaramar jet a gani. Aka sa saba'in da takwas, mota ta fita kamar harsashi. Walid ya dawo baki har kunne. Jumare ya kwance fulogi, ya ga ya fara fari tun a nan. Ya buɗe baki. Ya tuna wata biyun da suka rage wa iƙamarsa. Ya ce a ransa wanda zai sa maka hannu a takarda ba a ɓata masa rai yana cikin murna. Da hannunsa ya ƙara ɗaure ƙananan jet ɗin, ya zuba manyan a aljihun Walid, ya ce in an isa a canza. Walid ya ce in sha Allahu, irin in sha Allahun nan da ke nufin a'a. Ba su tafi da shi ba, wai motar da za ta kai su ta cika.

Ranar Asabar aka dawo da motar tseren a bayan babbar mota. Ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba har mita ɗari uku, sannan fistin biyu na cikin inji suka narke. Manyan jet ɗin suna aljihun rigar da Walid ya bari a gida.

Ba a yi masa faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Walid ya kira shi ofis, ya zuba masa shayi da kansa, ya sumbaci goshinsa, ya ce ya tsufa, ya kamata ya je gida ya huta. An riga an shigar da takardar fitarsa ta ƙarshe daga ƙasar. Jumare ya tambaya wane gida, Walid ya dubi bango.

Ya zagaya garejoji, babu mai neman tsoho mai duba bakin fulogi. Ya je Baƙi'a da safe, ya tsaya ya yi sallama ga duk wanda ke kwance, tunda dai tana cikinsu. Ranar da ya koma kwashe kayansa, tukunyar kaɗai ya ɗauka. Ya tarar da Saif ya tara kanikawa a gaban motar, an buɗe kwalin sabuwar na'ura, ana ta musu a kan wanda ya jawo asarar. Saif ya hango shi.

"Ga shi nan ma, ku tambaye shi! Ya Hajji, kar ka ji haushi, amma wannan da kake gani ita da kanta take sanin nauyin iska. Tana isa Yanbu za ta ce a ƙara mai. Kafiretarka za ta iya?"

Jumare ya gyara tukunya a hammata. A karo na farko cikin shekaru babu abin da za a ƙwace masa.

"Ni ma na sani, ɗana, na kuma faɗa. Ita dai a kwali ta zo, shi ya sa in ta yi magana za ku ji."