Gem ɗin Surukina

Ran nan na ji jikana na fari, wanda yanzu gemu ya cika masa fuska, yana kumfar baki da abokinsa, wai wasan gem na zamanin da can ya fi na wayar yanzu daɗi, wai ba za a sake yin irinsa ba. Na ce kai rufe mana baki, lokacin da ake yayin abin ko cibiyarka ba ta faɗi ba. Ni da na riƙe shi da hannuna ni zan ba da labari. Rubutun ajin manya ne, in ya karkace ku yi haƙuri, ko kar ku yi.

Zamanin soja ne, muna Tudun Wada. 'Yata ta dawo gida wankan haihuwar fari. Mijinta direban bas ne a hanyar Kano, duk ranar kasuwa sai ya biyo ya duba mai jego. Kun san tsakanin mace da mijin 'yarta. Ba na kallon idonsa, ba na kiran sunansa, ko gyaɗa ba na ci a gabansa. Da ni ake misali a unguwa in ana maganar kunyar suruki, kuma ina ji da wannan.

Wata rana ya tashi a gurguje, ya bar wani abu a kan tabarma. Baƙar roba ce kamar tafin hannu, da ɗan gilashi a sama. Na danna wani maɓalli, sai ya fashe da kiɗa kamar an shaƙe ɗan tsako. Na ce a'uzubillahi, na jefar. Sai kuma na ɗauka.

Wasu 'yan bulo ne ke faɗowa daga sama, wani a miƙe, wani da ƙusumbi. Ni kuwa duk unguwa ni ake kira jeren ɗakin amarya, na san yadda ake cusa kwano inda babu wuri. Sai na ɗauka jere ne, a kai shi har rufi. Abin haushi, da na cike layi tsaf sai ya ɓace. Na ce af, ashe ɓarawo ne. Sai na dinga barin ɗan rami a kowane layi don kar ya sace. Da na kai sama, abin ya yi kuka ya tsaya, na rangaɗa guɗa.

'Yata ta leƙo daga ɗaki. "Inna, mutuwa fa kika yi."

"Uwarki ce ta mutu," na ce, sannan na tuna ko wace ce uwar.

Ita ta nuna mini ashe ɓacewar ita ake nema. Daga nan kuma sai Allah. Ruwan wanka ya tsotse a tukunya sau biyu, kunun kanwa ya kama. Maigidana ya ce da haka nake jan carbi da tuni an san da ni a sama.

Ranar kasuwa ta zagayo, sai ga sallamar mutumin. 'Yata ta raɗa mini, "Inna, kawo, zai tambayi abinsa."

"Ki ce ba ki gani ba."

"Da jego zan yi ƙarya?"

"To ki ce ba ki tambaye ni ba."

Na cusa shi a ƙullin zani, na zauna a kujera 'yar tsuguno, na juya fuska gefe. Ga maƙwabta biyu sun shigo barka, irin waɗanda kafin la'asar labari ya kai Doguwa. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau."

"Ya hidima da masu jego?"

Na ɗan gyara zama zan amsa, cinya ta danne maɓalli. Kiɗa ya tashi daga cikin zanina. Kuma kiɗan nan ba shi da gajarta, sai ya kai ƙarshe. Ban isa in sa hannu a zani gaban suruki ba. Na zauna ƙiƙam, matan nan sun ƙura mini ido.

Yaron nan bai ɗaga kai ba. Ya bari kiɗa ya ƙare, sannan ya ce, "Gyare ya yi yawa bana, Inna."

Na ce, "Damina ce."

Babbar maƙwabciyar, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta ce, "Wallahi kuwa, har cikin kaya suke shiga." Ɗayar ta buɗe baki, ta ga mai abu ma ya ce gyare ne, ta mayar ta rufe.

Bai tambayi abinsa ba, ran nan ko bayan nan. Sati na gaba ya aiko mini da goro kamar yadda ya saba. Da na kwance ƙullin, a ƙarƙashin goron ga ƙananan batura guda biyu, a naɗe cikin leda don kar su jiƙe.