Yadda Aikin Titi Ya Cinye Gonar Gandunmu

Lokacin da abin nan ya faru ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Tsafe da Gusau. Ni ne babba a gidanmu, kuma gonar gandun da mahaifinmu ya bari tana hannuna. Ba a raba ta ba, domin ƙanena yana kudu wajen neman abinci, sai dai duk kaka in ware masa damman geronsa. Ni kuwa mutum ne mai ɗoki, in abu ya shiga raina ba na iya zama.

Da aka fara aikin babban titi, wani injiniya ya zo tare da mai unguwa, ya ce ƙarƙashin tudun gonarmu akwai jar ƙasa irin wadda suke cikon hanya da ita. Ya ce gefe ɗaya kawai za su taɓa, su kankare ƙasar sama su tara ta wuri guda, in sun gama su cike ramin su mayar da ita kafin damina. Ban ko jira na ji ta bakin ƙanena ba. Na kira liman, aka tsaya a bakin iyaka aka shafa fatiha. A wurinmu in an shafa fatiha magana ta ƙare, da ita muke ɗaura aure, da ita muke sayar da gona. Ban yi tunanin wanda ya ɗaga hannu tare da mu ma'aikaci ne da ake iya ɗaukewa gobe ba.

Sai aikin ya fara cin kuɗi fiye da yadda aka tsara. Mai ya tashi, siminti ya tashi. Direbobin tifa suka gaya mini an hana su zuwa nesa ɗebo ƙasa don a rage shan mai, wuri mafi kusa kuwa namu ne. Katafila ta ci gefe, ta shigo tsakiya, har tulin ƙasar saman nan suka kwashe. Na je sansaninsu na Tsafe, aka ce an mayar da injiniyan Bungudu. Na hau mota zuwa Bungudu, mai gadi ya ce injiniyan ya bar aikin, in nufi ofishinsu na Gusau. A can wani mutum mai kirki ya ba ni ruwa, ya bayyana mini cewa da aka sake lissafin aikin an cire cike ramuka don kuɗin ya kai a ƙarasa gada. Ya tambaye ni a kan me muka yi yarjejeniya. Na ce fatiha.

Damina ta faɗi, ramin ya cika ya zama tafki. A shekarar ce ƙanena ya dawo da matarsa da 'ya'yansa, ya ce ya gaji da zaman kudu, noma zai yi. Na kai shi gonar. Na so ya zage ni, da na ji sanyi. Bai yi ba. Ya dai roƙe ni in nuna masa daga inda rabonsa zai fara da an raba, ya ce yana so ya sani ne kawai. Na miƙa hannu na nuna masa ruwa.

'Yan'uwa manoma da ke bakin hanya, ku ji ni. In kuɗin babban aiki ya gaza, abin da aka yi wa talaka alkawari da baki shi ake fara yankewa. Ku shafa fatiharku, amma a rubuta, hukuma ta shaida, kuma kada babba ya yanke hukunci shi kaɗai a kan abin da ba nasa kaɗai ba. Titi kam ya yi kyau, ba ko gargada. Ta kansa ƙanena ya koma kudu da iyalinsa, bai ɗauki ko dami ɗaya ba.